Jawabi A Kan Abin Da Ya Kamata A Cusa Wa Salansar Babur

 

An nemi mu, 'yan kasuwa masu sayar da kayan babur, mu ɗan ce wani abu a kan kukan da ake ta kawowa na ƙarar babura cikin lunguna. Yawancinmu fatauci ne ya kawo iyayenmu Bauchi, daga Kano da Katsina da Zariya, aka ba su wuri suka zauna. To wanda aka ba wuri, ai bai kamata a ce ɗansa ne ke hana tsoho da mara lafiya barci ba. Kuma in mun duba, wani yaron ba fitina ce ke damunsa ba, kayan banza aka cusa masa a salansa.

Da farko mu san salansa iri biyu ce. Akwai wadda ke zuwa da irin su Boxer da Jincheng daga kamfani. Yawanci cikinta ɗakuna ne na ƙarfe, hayaƙi na zagayawa har ƙarfinsa ya mutu. Irin wannan in ta fara ƙara, to ta ɓule ne ko wani ƙarfe ya saki, aikin mai walda ne. Ta biyu ita ce mai miƙaƙƙen bututu mai huji-huji, wanda ake naɗe shi da wani abu mai shanye ƙara. A kanta maganarmu take.

Abu uku ke cin wannan naɗi. Na ɗaya wuta, domin hayaƙin da ke fitowa daga bakin injin yakan wuce digiri 600. Na biyu ruwa. Kowace litar fetur da ta ƙone tana fitar da tururin ruwa kusan lita guda, shi ne kuke gani yana ɗiga da sassafe, shi ke kawo tsatsa. Na uku baƙin mai, musamman ga tsofaffin babura masu ƙona mai tare da fetur, irin su Vespa da Suzuki 100. Man yakan jiƙe naɗin har ya daskare kamar dutse.

To da me za a cusa? Tsumma da audugar katifa da soso na roba, waɗannan ko kusa kada a yi. Ƙonewa suke, suna iya ma jawo gobara. Soson ƙarfe na wanke tukunya, wanda makanikai da yawa ke sawa saboda araha, shi ma yaudara ne. Ranar farko babur zai yi shiru, amma wuta da tsatsa za su maishe shi gari, ya fice ta baya. Araha dai ba ta ado.

Abin da muka ga yana daɗewa shi ne a haɗa biyu. A fara naɗe bututun da soson silba, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, shi zai tare wuta da bugun hayaƙi. A bisansa a naɗa audugar gilas mai dogon zare, ita ce mai shanye ƙarar. Ita kaɗai ba ta jure zafin da ya haura digiri 500 zuwa 600, shi ya sa ake yi mata garkuwa. A guji mai gajeren zare irin ta rufin ɗaki, iska ke kwashe ta. Akwai kuma audugar tangaran mai jure sama da digiri 1000, sai dai ta fi tsada, kuma jijjiga na farfasa ta in ba a kāre ta da silba ba.

Ga gwaji mai sauƙi kafin ka biya kuɗinka. Ka yanki ɗan soson ka jiƙa, ka bar shi ya kwana. In ya wayi gari da ja, ba silba ba ne. Audugar kuwa ka kanga mata ashana. Ta gilas ba ta kama wuta, ta roba narkewa take tana wari. A wajen naɗi kuma kada a danne kamar ana ɗaure dila, kada kuma a bar shi sako-sako. Wanda aka matse ba ya shan ƙara, mai sako-sako kuwa ba ya zama.

Jama'a, akwai abu ɗaya da za mu roƙe ku da babbar murya: asbestos. Wasu na tsinko tsohuwar igiyarsa ko ɓallin kwanon rufi su daka su cusa, wai ba ya jin wuta. Gaskiya ne ba ya ji, amma ƙurarsa na kawo sankarar huhu bayan shekaru masu yawa. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Duk abin da ka sa a salansa, wata rana zai fito, kuma yaran da ke wasa a ƙofar gida su za su shaƙa. Ko audugar gilas ma, mai aikin ya sa safar hannu ya rufe hanci.

Yaushe za a sake? Da zarar murya ta fara ƙaruwa, ko jikin salansar ya yi zafin da ba a saba ba har launinsa ya canza, to cikin ya ƙare. Kada a jira sai ta ƙone ƙafar fasinja.

Mu tuna hukumar NESREA na da dokar hana ƙara tun 2009. Amma mu bai kamata mu jira hukuma ba. Mu masu shago mu daina sayar da soson tukunya da sunan kayan salansa. Makanikai su gaya wa mai babur gaskiya. Iyaye kuma, in kun ji babur ɗin ɗanku ya fara tashin unguwa, ku tura shi gyara tun maƙwabci bai yi magana ba.

 Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Wassalam.