Haƙoran roba: yadda ake zaɓen na gaba don su yi kama da na halitta

 

Yau maganar haƙori za mu yi, kuma na san da gwanaye nake magana. Wane makiyayi ne zai sayi sa bai buɗe bakinsa ba? Kun fi ni sanin cewa saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, sai takwas a ƙasa. Da kun duba kun ga manyan haƙora biyu ne suka fito, ko huɗu, ko shida, ko baki ya cika har ya fara cinyewa, shi ke nan kun san shekarunta, ko da dillali ya rantse. To ƴan uwa, haka idon mutane yake karanta bakin ɗan Adam. Shi ya sa idan aka sa wa mutum haƙoran roba waɗanda ba su dace da shi ba, tun daga nesa ake ganewa.

Na san wani dattijo mai fataucin shanu, shekarunsa sun haura sittin. Saniya ta kai masa ƙaho wajen loda mota, haƙoransa biyu na gaba suka fita. Ya shafe watanni yana ciniki da rawani a baki. Ran nan a wata kasuwa ya tarar da mai sa haƙori a gindin bishiya, kafin la'asar an manna masa biyu, farare tas kamar alli, tsawonsu da faɗinsu ɗaya. Sauran haƙoran nasa kuwa duk sun yi ja da goro. Da ya koma gida, jikarsa ta dube shi ta ce, "Kaka, haƙoran wa ka aro?" Ya mayar da rawaninsa baki, kuɗi kuma sun tafi. Wannan asarar ce nake so mu kauce wa.

Mu fara da yadda Allah ya tsara bakin. Babban mutum yana da haƙora 32, amma waɗanda aka fi gani idan ya yi murmushi su ne shida na gaba a sama. Biyu na tsakiya su ne manya. Faɗin kowanne yakan kai milimita 8 zuwa 9, tsawonsa kuma 10 zuwa 11, wato tsawon ya ɗan fi faɗin. Biyu da ke gefensu sun fi su ƙanƙanta, kuma sun ɗan fi su gajarta. Sai fiƙoƙi biyu masu ɗan tsini, waɗanda launinsu ya fi na sauran duhu kaɗan. Ku ɗauki madubi ku duba bakin wani yaronku, za ku gani. Saboda haka idan aka jera maka shida kansu ɗaya kamar ƙwayar masara, an riga an kauce wa halitta.

Sai sifa. A shekarar 1914 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Leon Williams, ya kasa haƙoran gaba gida uku: mai kusurwa huɗu, mai tsukewa wajen dasashi, da mai zagaye kamar ƙwai. Ya ce sifar haƙorin mutum tana bin sifar fuskarsa idan aka juya ta sama a ƙasa. Har yau kamfanonin da ke yin haƙoran roba suna amfani da wannan rabon, amma likitocin baya sun ga cewa ba doka ba ce. Akwai mai doguwar fuska da faffaɗan haƙori, akwai mai zagayayyar fuska da siriri. Abin da ya fi wannan awo duka shi ne haƙorinka na asali.

Idan ɗaya ko biyu ka rasa, aikin da sauƙi. Ɗan uwansa na ɗaya gefen yana nan, shi za a kwaikwaya a tsawo da faɗi da launi. Idan kuwa duka suka zube, nemi tsohon hotonka wanda kake dariya a ciki, na biki ko na salla, ko na cikin waya. Hoton katin ɗan ƙasa ba ya amfani, don baki a rufe yake. In babu hoto, tafi da ɗanka ko ƙanwarka da ake cewa bakinku ɗaya. Likita kuma yana da nasa awon: yakan dubi faɗin hanci don sanin inda fiƙoƙi za su tsaya, ya dubi kwarin da ke tsakiyar leɓen sama don daidaita tsakiyar haƙora da tsakiyar fuska.

Yanzu shekaru, inda aka fi yin kuskure. Haƙorin matashi yana da haske, bakinsa a zagaye, kuma idan ya saki leɓe za ka ga ya leƙo kamar milimita 2 zuwa 3. Shekaru suna tafiya, bakin haƙori yana cinyewa yana miƙewa, launi yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa, leɓen sama yana saukowa har ya kusa rufe su, na ƙasa su fi bayyana. Mun san darajar farin haƙori a wajenmu. Wanda ya taɓa ganin samarin Woɗaɓe a Gerewol suna washe baki ya san abin alfahari ne. Amma wannan adon ɗan shekara ashirin ne. Baba, idan ka sa irinsa kana da furfura, ka zama kamar tsohuwar saniya da bakin maraƙi, kuma kai da kanka ba za ka yarda da irin wannan saniya a kasuwa ba.

Wajen zaɓen launi, likita zai fito da wani ɗan allo mai jerin haƙora, daga mai haske zuwa mai duhu, ya kara a bakinka. Ga abin da za ka kula da shi. Ka nemi a wanke maka sauran haƙoranka tukuna, don jan goro da na shayi da na taba a sama yake, yana fita. In aka zaɓi launi a kan datti, ranar da aka wanke sai na robar ya fita daban. A yi zaɓen da hasken rana, kusa da taga, don fitilar lantarki tana ruɗin ido. Iyayenmu mata, a goge jan-baki kafin a duba. Akwai kuma waɗanda haƙoransu suke da ɗigon fari ko ruwan ƙasa tun suna yara, saboda yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha na wasu garuruwa, kamar yadda aka sani a Tibiri ta jihar Maraɗi. Wannan ba ya fita da wanki, sai dai a nemi haƙorin robar da ya yi kusa da shi.

Kada a manta da dasashi. Robar da ake dasa haƙoran a kanta yawanci ruwan hoda ce mai haske, alhali da yawanmu dasashinmu yana da duhu, wasu mata ma sun yi masa zane ya yi baƙi. In kana cikin masu bayyana dasashi idan suna dariya, tambayi likita ko yana da roba mai duhu. Ana yin ta.

Wani zai ce, to wushiryata fa? Hajiya, in da wushirya aka san ki, ki faɗa tun farko, ana iya barin ta daidai yadda take. Haka wanda aka san shi da haƙorin Makka, ko wanda haƙorinsa ɗaya ya ɗan hau kan ɗan uwansa. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa mutanen gidanku su ce wane ne ya dawo. Mai aikin ba zai sani ba sai an gaya masa, in ka yi shiru zai jera maka su ƙyam kamar sojoji.

Yanzu ga babbar magana, ku buɗe kunne. Aikin haƙoran roba na ƙwarai ba a gama shi rana ɗaya. Cikakken baki yakan ɗauki zuwa huɗu ko biyar: a ɗauki awon baki, a auna yadda muƙamuƙi yake haɗuwa, sannan a jera haƙoran a kan kaki a sa maka ka gwada, kafin a gasa robar. Wannan ranar gwaji ita ce ranarka. Muddin suna kan kaki, ana iya matsar da haƙori, a rage tsawo, a canza launi. Da an gasa, gyara ya yi wuya, sai dai a sake sabo da sabon kuɗi.

Ranar gwajin kada ka je kai kaɗai. Tafi da wanda ya san fuskarka kuma ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, uwargida ko amini. Ka tashi tsaye, ka dubi madubi daga nisan da kake tsayawa da abokin ciniki. Ka yi dariya sosai. Ka rufe baki ka ga ko leɓe ya haɗu ba tare da ka matsa ba, ko ya turo gaba kamar ka cusa goro, ko ya faɗa ciki. Sannan ka yi magana da ƙarfi. Ƙirga kuɗi: sittin da shida, saba'in da shida, tasa'in da tara. In ka ji “s” tana fita da fito, ko harshe yana tuntuɓe, ko haƙoran sama da na ƙasa suna ƙwanƙwasar juna, faɗa nan take. Wannan ba raini ba ne ga likita, shi ma abin da yake so ya ji ke nan. Kunya a wannan rana ita ce za ta sa ka ɗaure baki shekara biyar.

Na san matsalarku ita ce zama wuri ɗaya. Makiyayi yana bin ruwa da ciyawa, ɗan kasuwa yau yana wannan ƙetare gobe yana wancan. To a tsara abin. Ka gaya wa likita ranakun kasuwar da kake shigowa gari, ya ɗora maka zuwan a kansu. Kada ka fara aikin saura mako ɗaya ku tashi da garke, domin bayan an sa ma sai an koma sau ɗaya ko biyu a kankare inda yake gurzar dasashi. Ka kuma sani cewa bayan cire haƙori dasashi yana motsewa, musamman a watanni uku zuwa shida na farko. Wanda aka sa maka da wuri zai yi sako-sako daga baya, sai an cike shi ko an sake. Kuma a gama aikin inda aka fara shi, kada a ɗauki awo a wannan ƙasa a je neman gyara a waccan.

Game da masu sa haƙori a bakin kasuwa, araha ba ta ado. Yawancinsu suna kwaɓa roba ne su liƙe ta a jikin haƙoran da ke gefe, yadda ba ta cirewa. Abinci yana taruwa a ƙarƙashi, baki ya yi wari, dasashi ya kumbura, lafiyayyun haƙoran da aka jingina da su su fara girgiɗa. Mai giɓi biyu sai ya wayi gari da huɗu. Ga kayan aikin da ake sa wa wannan a sa wa wancan ba a dafa ba, hanyar kamuwa da ciwon hanta ke nan. In an riga an manna maka irin wannan, je asibiti a cire, kada ka ɓamɓare da kanka.

In Allah ya sa ka samu masu kyau, ka riƙe su da kyau. A cire da dare a sa cikin ruwa mai tsabta a kwano mai murfi. A wanke da buroshi mai laushi da sabulu, a kan kwano mai ruwa don kada su faɗi su fashe. Ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa roba, haka ma barin su a gaban mota cikin rana. Ban da toka da gawayi da yashi, suna kankare ƙyallin su bar wurin da datti zai zauna. Goro da rake da kilishi, a yanka da wuƙa a tauna ta gefe, kada a gatsa da na gaba, kada kuma a ja igiya da su. In sun karye kada a liƙa da gam ɗin kasuwa. Duk gyambon da ya wuce mako biyu a baki bai warke ba, a kai wa likita ya gani, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan taba.

Shi dattijon nan da na ba ku labari, daga baya ɗansa ya kai shi asibiti aka cire na gindin bishiyar. Ya je da wani hotonsa na bikin ƴarsa, aka zaɓa masa biyu masu ɗan duhu, aka ɗan rage bakinsu daidai da sauran. Da na haɗu da shi a kara yana ciniki baki buɗe, sai da ya nuna mini da yatsa kafin na gane waɗanne ne.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, musamman iyayenmu da ke can daji da dabbobi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare hanya, ya albarkaci garke da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.