ISKAR KASUWA TA KOWA CE

Jawabin da wani monita na lakwal ya yi a taron rassan jam'iyya a Cadakori. An buga shi domin a karanta wa 'yan reshe a garuruwan kasuwa.



Muna gaida shugaban reshe da dattawan gari. Muna gaida iyayenmu mata da suka bar aikin gida suka zo, muna gaida samari. Muna gaida baƙinmu na Gidan Rumji da Tsibiri, da waɗanda suka sha hanya tun daga Agye da Gazawa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Maganar da aka ba mu yau ita ce maganar shan taba a wuraren taruwar jama'a, watau kasuwa, da tasha, da bakin rijiya, da filin lakwal, da ƙofar likita. Mun san akwai wanda zai ce, ga tsadar hatsi, ga rashin tsaro, ina ruwan jam'iyya da karan sigari? To, ku yi mana haƙuri ku saurara, in mun gama kowa ya auna.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wannan. A shekarar 2025, farkon damina, gwamnatin Faransa ta hana shan taba a bakin teku inda mutane ke zuwa wanka, da lambunan shan iska, da rumfunan jiran mota, da kewayen makarantu. Wanda aka kama, tararsa yuro 135, watau jika 88 da 'yan kai a kuɗinmu. Ba su ne suka fara ba. Birnin New York na Amurka ya hana a lambunansa da bakin tekunsa tun 2011, ƙasar Meziko kuwa ta yi tata a 2023. Dalilin da Faransawa suka bayar shi ne yara: inda yaro yake, kada taba ta kasance. Hukumominsu sun ce taba tana kashe musu kimanin mutum 75,000 kowace shekara.

Da muka kawo wannan labari a gindin bishiya, wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Mushe, mu ina muka ga teku?" Gaskiyarsa. Teku ba ta zo Cadakori ba, mafi girman ruwan da yawancinmu muka taɓa gani shi ne tabkin Madarunfa. Amma me ake nufi da bakin teku a can? Wurin da kowa ke zuwa ba da izinin kowa ba, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, a zauna kusa da juna. Mu ma muna da irin wannan wuri. Shi ne rumfar kasuwa, shi ne inuwar tasha, shi ne filin kokowa. Can ne mace mai goyo ke zama tun hantsi har la'asar, jinjirinta yana shaƙar duk abin da na kusa da ita ya fesa.

Wani kuma zai ce kwaikwayon Nasara ne, mu da muke cewa a bar mu mu yi abinmu. 'Yan'uwa, mu tuna ta inda taba ta fito. Asalinta daga ƙasashen Amurka ne, jiragen ruwan Turawa suka yaɗa ta a duniya. Gubar da ke cikinta ma, wadda ke hana mutum bari, ana ce mata nikotin, sunan wani jakadan Faransa ne, Jean Nicot, wanda ya aika da taba ƙasarsu wajen shekarar 1560. Yau sun ga ɓarnarta, suna kore ta daga gaban 'ya'yansu. Kamfanonin kuwa ba su rufe ba, kasuwa suka sake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu amfani da taba a duniya, kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. Watau abin da aka share daga ƙofar gidansu, a ƙofar namu ake zubarwa. Wanda ya ce a ci gaba da busa wa 'ya'yanmu hayaƙi domin kada a ce mun kwaikwayi Nasara, to aikin kamfanin Nasara yake yi bai sani ba.

Kada kuma a ce sai mun ari doka daga waje. Muna da tamu. A 2003 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar yaƙi da taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, Nijar ta tabbatar da shigarta a 2005. Ran 15 ga watan Mayu 2006 aka kafa dokar ƙasa mai lamba 2006-12, wadda ta hana shan taba a wuraren jama'a da wuraren aiki da motocin haya, ta kuma taka wa tallar taba birki. Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi tasu a 2015. To, mu tambayi kanmu: cikinmu nan, mutum nawa suka taɓa jin an karanta wannan doka da Hausa a kasuwa? Dokar da ke kwance cikin takarda a Yamai, da faransanci, ba ta tsare ƙirjin jinjirin da ke Cadakori. Sai an sami mutanen da za su ɗauko ta su kawo ta bakin rumfa. Aikin reshe ke nan.

Yanzu ga ɓarnar, ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, lafiya. Tun 1950 masana biyu a Ingila, Doll da Hill, suka nuna alaƙar sigari da ciwon daji na huhu. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya tabbatar da haka. Yau an san hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu suna kawo ciwon daji. Taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a duniya kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su sha, hayaƙin wasu suka shaƙa. Ga yara yana tayar da fuka, yana kawo ciwon huhu da ciwon kunne. Ga mai ciki yana rage nauyin abin da za ta haifa. Ba za mu ɓoye muku ba, a fili iska tana kwashe hayaƙi fiye da a cikin ɗaki. Amma wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi ranar kasuwa, ko a bayan mota an cunkushe shi da mutum ashirin, ya san iskar ba ta kai ga kwashewa kafin ta bi ta hancinsa.

Ta biyu, koyi. Mu da ke tsaye gaban allo mun fi kowa ganin wannan. Wata rana muka ga yara sun taru bayan aji, muka je muka tarar da guntayen sigari a aljihun wani yaro da bai wuce shekara 11 ba. Muka tambaye shi inda ya samo. Ya ce a tasha yake tsinta, inda manya ke yarwa. Ba mu buge shi ba, domin kunya ce ta kama mu. Da safe muna koya masa tsabtar jiki, da marece ya ga wansa da kawunsa, har da wasu malamansa, suna busa hayaƙi a dandali. Wane darasi zai riƙe? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban amfanin hana sha a fili shi ne yaro ya daina ganin taba a matsayin alamar girma.

Ta uku, gobara. Ku dubi garuruwanmu bayan kaka. Damman hatsi a tsakar gida, rumbuna na kara, dangar zana, harawa a kan rumfa, ga iskar hunturu tana kaɗawa. A tasha kuma ga fetur cikin kwalabe a jere bakin hanya. Guntun sigari ɗaya da ba a murje ba ya isa ya cinye noman shekara. Ba mu buƙatar likita ya gaya mana wannan, kowa ya taɓa jin ihun gobara da dare.

Ta huɗu, ƙazanta. Wannan farin abu da ke gindin sigari, mutane suna tsammani auduga ce. Wani irin roba ne, yana shekaru bai ruɓe ba, kuma yana riƙe da dattin hayaƙin. An ƙiyasta ana yar da kimanin tiriliyan 4 da rabi a duniya kowace shekara. A can teku ke kwashewa. A nan kuwa ruwan sama ke tura shi tabkin da dabbobinmu ke sha.

Ta biyar, aljihu. Mu yi lissafi irin na lakwal. A ce kara ɗaya dala biyar ne, mutum yana shan biyar a yini. Dala ashirin da biyar ke nan kullum, a shekara jika 45 da ɗoriya. Kowa ya je ya tambayi tiya nawa ta hatsi wannan kuɗi zai saya. Kuma mafi yawan ribar ba ta kwana a garin nan.

To, akwai mutane uku da ba za mu taka ba, domin namu ne.

Na farko shi ne mashayin kansa. Ba maƙiyinmu ba ne. Da yawa cikin 'yan reshe suna sha, wasu ma ga kwalin nan a aljihu muna gani. Nikotin igiya ce mai ƙarfi, wanda ya ce zai bari ya kasa ba rago ba ne. Ba mu ce a shiga gidan kowa ba, ba mu ce a bi mutum gonarsa ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne: in za ka sha, ka tashi daga cikin mutane.

Na biyu shi ne manomin taba. Ba yau aka fara nomanta a ƙasar Hausa ba. Bature Barth, wanda ya ratsa ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya tarar ana nomanta. A fadamun gulbin Maraɗi an daɗe ana yin ta da rani, akwai gidajen da da ita suke rufa asiri. Tsofaffinmu sun san taba gari da kanwa, mata sun san fure. Ba mu ce waɗannan lafiya ne ba, su ma suna da illarsu ga baki. Amma mai tauna tasa ba ya cika huhun maƙwabcinsa da hayaƙi, kuma maganarmu ta yau ta hayaƙi ce a cikin taro. Manomin da ke son ya koma albasa ko tumatur ko zogale, haƙƙi ne a taimake shi da iri da rijiya. Ba a ce wa mutum ya saki abin da ke hannunsa ba a ba shi wani ba.

Na uku shi ne mai tebur. Shi ma neman abinci yake. Abin da muke nema gare shi biyu ne: kada ya sayar wa yaro, ko da an ce aiko shi aka yi, kuma kada ya kafa teburinsa a ƙofar lakwal ko ta likita.

Sa'an nan ga gargaɗi, kuma shi ne ya fi damunmu. Kakanninmu sun ga zamanin da kwamanda ke ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba shari'a, har aka soke wannan tsari a 1946, shekarar da aka soke aikin tilas. Ba mu so hana taba ta zama sabuwar ƙofar da za a riƙa tatsar baƙauye ranar kasuwa, a kama mai jaki a bar mai mota. Dokar da ta kama talaka ta tsallake babba, zalunci ce, ko da sunan lafiya aka yi ta. In za a hana, a hana kowa, a fara da mai kaki da ma'aikaci da malamin lakwal. Kuma a fara da shela da nasiha kafin a yi maganar tara.

Saboda haka ga abin da muke kawowa gaban rassa su duba.

Na ɗaya: daga yau kada a kunna taba a taron reshe, ko a zaure ake yi ko a gindin bishiya. Wanda bai share gidansa ba, ba shi da bakin cewa maƙwabci ya share nasa.

Na biyu: kowane reshe ya tura mutum uku, cikinsu har da mace ɗaya, su gana da mai gari da liman da sarkin kasuwa da sarkin tasha, a yi shawara a kan wuraren da za a tsare: rumfunan abinci, bakin rijiya da famfo, wurin sayar da fetur, kewayen lakwal da makarantar allo da likita, da masussuka lokacin kaka.

Na uku: a keɓe wa masu sha wuri a gefen kasuwa, nesa da kara da fetur, a ajiye musu kasko da yashi domin kashe wuta.

Na huɗu: a nemi hukumar gari ta sa a fassara dokar 2006 da Hausa, a karanta ta a rediyon karkara, mai shela kuma ya faɗe ta ranar kasuwa.

Na biyar: wanda ya yi niyyar bari, a ƙarfafa shi, a raka shi wurin likita, kada a yi masa ba'a in ya koma ya sake farawa.

Na shida: kowane sakataren reshe ya rubuto abin da aka yi a garinsu kafin ran 31 ga watan Mayu, ranar da duniya ta keɓe domin yaƙi da taba, a buga a wannan takarda kowa ya gani.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ce muna son ƙasar da talaka zai riƙe al'amarinsa da kansa. Ga ƙaramin al'amari a gabanmu, wanda ba ya bukatar kuɗin waje, ba ya bukatar izinin kowa, sai dai mu yarda da juna. In mun iya tsare iskar kasuwarmu domin jinjirin da ke bayan uwarsa, za a yarda da mu ranar da muka yi maganar abin da ya fi wannan girma.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ya miƙa ta gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mu daga gobara, ya raya mana zuriya. Amin.