Littattafan Girki Da Abin Da Masu Karatu Ke Faɗa A Kansu

Wannan shi ne jawabin da aka karanta a wani zama na masu sha'awar karatu daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko.



Maganar da aka taru dominta yau, wasu za su ɗauka ta mata ce kawai, ko kuwa ta raha, watau maganar littattafan da aka rubuta a kan abinci da girki a ƙasar nan, da abin da masu karatu 'yan Arewa mazauna Kudu suke faɗa a kansu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da sassafe, ya ga manyan motoci suna sauke kwandunan tumatir da tattasai da buhunan albasa, ko kuwa ya leƙa mayankar Oko-Oba a Agege, ya san in ana zancen abinci a biranen Kudu to da ɗan Arewa a ciki, ko an ambaci sunansa ko ba a ambata ba. Abin tambaya shi ne, wannan mutum da yake kawo abincin, yaya littattafai suka nuna shi, shi kuma yaya ya ga kansa a cikinsu?

Rubuta littafin girki ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Tun a shekarun 1930 kantin littattafai na mishan ɗin CMS da ke Ikko ya buga wani ɗan littafi mai suna The Kudeti Book of Yoruba Cookery, wanda ya samo sunansa daga makarantar 'yan mata ta Kudeti a Badun. A 1957 wata 'yar ƙasa, Rhoda Williams, ta fitar da Miss Williams' Cookery Book, kamfanin Longmans ya buga shi. A 'yan shekarun baya kuma an sami wasu da suka yi suna har a ƙasashen waje. Akwai Longthroat Memoirs na Yemisi Aribisala wanda ya fito a 2016, shi ba jerin girke-girke ba ne zalla, hira ce mai tsawo a kan abinci da halin masu cinsa, har ya sami lambar yabo a Ingila. Akwai My Everyday Lagos na Yewande Komolafe a 2023, da Chop Chop na Ozoz Sokoh a 2025, waɗannan biyu a Amurka aka buga su. Dukansu da Turanci suke, marubutansu kuwa na 'yan ƙasa duk mutanen Kudu ne.

Ra'ayin da aka fi ji, musamman daga bakin iyaye mata, shi ne girki ba a littafi ake koyonsa ba. A wurinsu hannu ne yake sanin tuwo ya yi tauri ko da saura, hanci ne yake sanar da mai girki cewa daddawa ta dahu a miya, ido kuma shi ke gane ƙullun waina ya tashi. Wannan magana gaskiya ce, babu mai ja da ita. Sai dai ya kamata a tuna irin gidan da ya haifar da wannan ilmi. Yarinya a Katsina ko Haɗeja tana tashi ne a tsakar gida mai faɗi, tsakanin uwa da abokiyar zamanta da goggo da kaka, ana surfe a gabanta, ana daka, ana tankaɗe, tun ba ta iya ɗaukar taɓarya ba take kallo. Yarinyar da aka haifa a Idi-Araba ko Sabon Shagamu ko Fatakwal kuwa, sau da yawa a ɗaki ɗaya ko biyu ta tashi, a gidan haya, kakarta tana can nisan kwana guda a mota, in ma an yi daka a saman bene sai maƙwabcin ƙasa ya hau da ƙara. Makarantar da iyaye suke taƙama da ita, watau tsakar gida, ba ta biyo su Kurmi ba. Saboda haka wanda ya ce littafi ba shi da amfani, sai a tambaye shi wa zai koya wa jikarsa.

Wasu kuma sun karanta littattafan, amma suna kukan ma'auni. Littafin da aka buga a Amurka yana auna gari da kofin Amurkawa, nama da giram, wuta kuma da lambar zafin tanderun zamani, alhali kuwa matar da ke girki a Agege abin da ta sani shi ne mudu da tiya da gwangwani da ludayi. Daɗin daɗawa ma'aunin kasuwa kansa ba ɗaya ba ne. A Ikko da derika ake auna shinkafa da wake, watau gwangwanin tumatir na De Rica da sunansa ya bi ma'aunin. A Badun kongo ake yi. Mudun wannan gari kuma ba lalle ya yi daidai da na wancan ba. Ga kuma tsada, domin littafin da aka sa wa kuɗi da dala ba kowane magidanci ne zai saya ba. Wannan kuka yana da tushe. Amma akwai abin da masu yinsa ba su cika faɗa ba, shi ne nasu ma'aunin ma yana da rauni. In aka tambayi gwanar ɗanwake yawan kanwar da take zubawa, amsarta ita ce daidai misali. To, daidai misalin nan shi ne duk sirrin: in kanwa ta yi kaɗan ɗanwake ba zai yi laushi yadda ake so ba, in ta yi yawa ya yi ɗaci, ya ɓata cikin mai ci. Marubutan Kudu sun ɗauki wahalar auna nasu sun rubuta, wanda kuma bai taɓa ganin kakarsu ba yana iya gwadawa ya dace.

Inda rai ya fi ɓaci shi ne maganar suya. Masu karatu da yawa suna cewa duk inda aka ambaci Arewa a rubuce-rubucen abinci na Turanci, to suya ce da zoɓo, in an matsa a ƙara tuwon shinkafa, shi ke nan an gama da rabin ƙasa. Ita kanta kalmar, a Hausa suya aikin mai ne a kasko. Abin da mutanen Ikko suke kira suya, mahauci tsire yake ce masa in an tsire shi a tsinke, balangu kuma in an gasa shi a buɗe. Kilishi daban yake, aikinsa kuma ba na yini ɗaya ba ne: a zaɓi tsoka marar kitse, a feɗe ta falle-falle kamar takarda, a shanya a rana ta bushe, a tsoma a labu, watau kwaɓin tunkuza da kayan yaji da albasa, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna wa wuta kaɗan. Ga dambun nama, ga ragadada, ga farfesun kai da ƙafa. Duk wannan fannin mahauta ne kaɗai, ba a shiga ɗakin girki ba tukuna, inda ake da miyar kuka da taushe da busasshiyar kuɓewa, da fate, da burabusko, da dambu, da funkaso, da sinasir, balle kayan gara irin su alkaki da nakiya da dubulan. Mutumin da ya san duk wannan, in ya ga an taƙaita shi a kan tebur guda da fitila a bakin titi, dole ya ji ba daɗi.

Amma adalci ya wajaba. Littafin Kudeti sunansa ma ya faɗi cewa na girkin Yarbawa ne. Komolafe ta ce Ikko take nufi, Aribisala kuma ta fi zurfafawa a abincin ƙasar Yarbawa da na Kalaba inda ta zauna. Sokoh ta yi ƙoƙarin ratsa sassan ƙasar duka. Kowa ya rubuta abin da ya tashi ya tarar a tukunyar gidansu, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a zargin Bayarbiya don ba ta san bambancin fura da kunun zaƙi ba.

To, da Hausa fa? Akwai ƙananan littattafan girke-girke da ake bugawa a Kano ana kai su kasuwanni, har a unguwannin Hausawa na Kudu akan same su, kuma amare suna saye. Abin da masu karatu suka lura shi ne sun fi karkata ga abin da ake kira girkin zamani, watau kek da cincin da salak da soyayyar shinkafa da lemuka iri-iri. Tuwo da miya kuwa akan wuce su da sauri, don ana ganin kowa ya iya. Nan ne kuskuren yake, domin abin da ake ganin kowa ya iya shi ne ba a rubutawa, shi ne kuma yake fara ɓacewa.

A ɗauki daddawa. Ana yinta ne da kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa. A dafa kalwa ta daɗe a wuta har ɓawonta ya saki, a surfa, a wanke a fid da ɓawon, a sake dafawa, a zuba a kwando ko masaki a lulluɓe, a bar ta kwana biyu ko uku ta ruɓa irin ruɓar da ake so, sa'an nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Yarbawa suna da irinta, iru suke ce mata. Akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Matan da suka iya wannan aiki yawancinsu tsofaffi ne a ƙauyuka. A birni kuwa dunƙulen Maggi da 'yan'uwansa sun shiga kowace tukunya, don sun fi sauƙi kuma ba su da wari. Ba laifi ba ne a yi amfani da su, amma ya kamata a sani cewa babban kaso na dunƙulen nan gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda ya jefa dunƙule huɗu a miya ya kuma bi da gishiri, sai ya yi lissafi da kansa. Littafin girki na Hausa da ya san abin da yake yi, wajibinsa ne ya faɗi wannan.

Akwai wasu littattafai da ba na girki ba ne, amma masu karatu da suka ci karo da su sukan yi mamakin abin da suka tarar. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai da Hausa ya buga a 1916. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen abinci da na hatsi waɗanda yau sai dattijo ne zai gane wasunsu. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin zaman mata a ƙasar Zazzau, da abin da suke dafawa, da abin da suke sayarwa daga cikin gida. Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun, littafinsa na 1969 ya nuna yadda fataucin shanu daga Arewa da na goro daga Kudu suka gina unguwar, Paul Lovejoy kuma a 1980 ya bi tarihin fataken goro tun daga 1700. Mai karatu yakan ji daɗi ya ga an adana, ya kuma ji nauyi ya ga baƙi ne suka adana, kuma sai ya bi ta Turanci kafin ya isa ga labarin kakanninsa.

Kada a ɗauka wannan zancen marmari ne. A watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Nan da nan kuɗin tumatir da albasa da nama ya tashi a Ikko, a Arewa kuma tumatir ya yi ta ruɓewa a hannun manoma, kowane ɓangare ya ji a jikinsa. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara tambayar daga ina abin da ke tukunyarsu yake fitowa: albasar Aliero, tumatirin Kadawa, shanun Potiskum, wake da gero na Dawanau, bandar kifin Baga. Maƙwabcin da ya san mutum ta wajen abincinsa da al'adarsa ya fi wuyar ɗaukarsa baƙo, littafi kuwa yana shiga gidan da mai shi ba zai taɓa shiga ba.

Aikin da ke gaba ba ya bukatar digiri. Abin da yake bukata shi ne littafin rubutu, da ƙaramin sikeli, da yarinya ko yaro mai haƙuri da zai zauna kusa da tsohuwa in ta zo ganin jikoki, ko in an je gida da Salla. Ta ɗebi kanwa da hannunta, kafin ta jefa a ruwa a ce, "Dakata, Iya," a auna a rubuta. A rubuta da mudu da gwangwani, a kuma sa giram a gefe, domin wanda ke Anacha da wanda ke Kumasi su fahimci abu ɗaya. A rubuta garin da girkin ya fito, domin wainar Bauchi ba ita ce ta Kano ba, furar Sakkwato ma da irin nata hannun. A faɗi abin da za a sa a madadin in ba a sami kayan gida a kasuwar Kudu ba, da yadda za a yi tuwon dawa a kan gas ba tare da ya yi gudaji ba. Mahauta da masu shayi da masu fura da ke zaune a nan su ma suna da nasu babin, in sun yarda su faɗi abin da ke cikin yajinsu ban da citta da masoro da kanumfari. Wanda ya iya Turanci kuma ya juya shi, Hausa a wannan shafi, Turanci a wancan.