Reshen gona ba na murhu kaɗai ba ne

Wannan jawabi an shirya shi domin ɗaliban yaƙi da jahilci na Matamai da ƙauyukan ƙasar Kance. Malami ya karanta shi sannu-sannu, sa'an nan a tattauna a kansa.

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu tambaya ɗaya ce a bakin kowane magidanci: me za a yi da watannin rani?

Mai fadama ya san inda zai sa kansa. Rake da kabeji da tumatir suna jiransa. Amma ba kowa ke da fadama ba. Saura sai su kama hanyar Ɗan Barto zuwa Kano, ko hanyar Agadas zuwa arewa. Mutanen Kance ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuma ƴan wannan ƙasa ne. Allah ya jiƙansu. Saboda haka duk sana'ar da za ta riƙe mutum a gidansa, ko ƙarama ce, ta isa a saurari zancenta.

Sana'ar da za a yi bayani yau ita ce juya icce. Ana kafa guntun icce tsakanin ƙusa biyu, ana juya shi, ƙarfe mai kaifi yana fere shi har ya zama abin sayarwa. Za a koya da ƴar fitilar ado ta icce, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba.

Arzikin da ke tsaye cikin gonaki

Bayan farin 1973 da na 1984, gonaki da yawa sun zama fili fetal. Iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka. Sai manoma suka canja dabara. In sun zo sassabe, ba su tumɓuke kowane tsiro. Suna zaɓen masu ƙarfi, su rage musu rassa, su bar su su girma. Wannan shi ne sassaben zamani. Binciken da masana suka yi a 2006 ya nuna itatuwa sun dawo a wajen hekta miliyan 1 cikin ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya. Yawanci gawo ne.

Kiyaye icce ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Dattawa suna ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa ya hana sare gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare. A 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi amfanin itatuwan da ya raina a gonarsa.

Kowace shekara manomi yana rage rassa. Ganye na dabbobi ne, ƙirare na murhu. Amma reshe mai kaurin damtse, in an ƙone shi, tuwon dare ɗaya zai dafa. In an juya shi, zai iya fitar da kaya goma. Haka ma guntayen da masassaƙi ke zubarwa bayan ya gama turmi ko ƙota.

Na'urar da ba ta shan mai

A makarantun koyon sana'a akwai injin juya icce mai aiki da lantarki, wanda ake kira tur da Faransanci. Yana da tsada. Amma akwai kakansa, wanda ba ya bukatar lantarki ko mai. Tsohuwar dabara ce. A ƙasar Masar an sami zanenta cikin wani kabari da aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Har yau a kasuwar Marrakesh ta ƙasar Maroko ana ganin masu wannan aiki zaune a ƙasa. Hannun dama yana jan baka, hannun hagu yana riƙe da ƙotar ƙarfe, yatsun ƙafa suna daidaita bakinsa.

Ga abin da ake bukata. Katako mai kauri, tsawon santimita 60. Kututture biyu ƙanana, kowane da babbar ƙusa mai tsini, tsinin yana kallon ɗan uwansa. Ɗaya a kafe shi, ɗaya a bar shi yana matsawa, a riƙa danne shi da ɗan icce. Sandar ƙarfe wadda za a gicciya a gaba, domin ƙarfen fira ya kwanta a kanta. Baka irin na maharba, da tsirkiya ta fata ko igiya mai ƙarfi. Ƙarfen fira guda biyu, ɗaya mai faɗin baki, ɗaya mai tsini. Maƙerin gari yana iya ƙera su da tsohon magagari.

Icce da ya dace

Aduwa tana da kyau, shi ya sa ake yin allo da ita. Magarya da marke da kanya suna da ƙarfi. Ƙirya ta fi su tauri, tana kashe kaifi da sauri, amma kayanta ba su lalacewa. Dogon yaro yana ko'ina, ƙwari kuma ba su cika cinsa ba. Gawo yana da taushi, ƙwari suna sonsa, bai dace da ƙaramin aiki ba. A bar shi ya yi aikinsa na taki da abincin dabbobi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, wannan aiki busasshe yake so. Fitilar da aka yi da ɗanyen icce tana tsagewa kafin ta kai kasuwa. A tsaga reshe mai kauri gida huɗu, domin daga tsakiya tsagewa ke farawa. A jera shi cikin inuwa, bisa duwatsu, saboda gara. Kada a shanya shi a rana. Kowane mako a auna guntu ɗaya a sikelin mai shago, a rubuta nauyinsa cikin littafi. Ranar da nauyi ya daina raguwa, icce ya bushe.

Yadda ake yin ƴar fitila

1. A yanka guntu mai tsawon santimita 12, kauri santimita 4. A rage masa kusurwa da gizago.

2. A sa alama a tsakiyar kowane kai. A naɗa tsirkiya sau ɗaya a gefe guda, sa'an nan a kafa guntun tsakanin ƙusoshin. A ɗiga musu ɗan mai.

3. A ja baka, a tura. Icce zai juya gaba, ya juya baya. Ƙarfe yana yanka ne kawai lokacin da icce ke juyowa wajen mai aiki. In yana komawa, a ɗan janye ƙarfen. Mai koyo yana iya samun abokin aiki, ɗaya yana ja, ɗaya yana fira.

4. In guntun ya mulmulu, a auna da fensir: gindi santimita 1, ciki santimita 3, hula santimita 2, ɗan kai santimita 1. Sauran wurin tsirkiya ne.

5. Da ƙarfe mai tsini a tsaga layukan. Da mai faɗi a fitar da siffa: gindi mai faɗi, ciki kamar ƙwan fitila, hula mai tsukewa zuwa sama.

6. A goge da takarda mai yashi ta kafintoci, icce yana juyawa. A shafa man gyaɗa kaɗan ko kakin zuma, a murza da tsumma.

7. A sauke, a yanke kai da gindi da zarto. A gasa siririn ƙarfe a wuta, a huda tagogi huɗu a cikin, da ƴar kafa a kai domin zare.

Ta farko za ta fito a karkace. Ta biyar za ta yi dama-dama. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya iya fitila ya iya mulmulawa da aunawa da tsaga layi da hudawa, su ne kuwa tushen sana'ar duka.

Gargaɗi guda huɗu

Na ɗaya, wannan fitila ta ado ce. Ba a sa mata wuta ko kyandir. Na biyu, a naɗe hannun riga, a rufe hanci da ƙyalle, a kiyaye ido daga ɓarɓashi. Na uku, kada a ba jariri ƙananan kaya, zai kai baki. Na huɗu, shi ne babba: ba a kayar da icce mai rai saboda wannan aiki. Gawo da aduwa da tsamiya suna cikin itatuwan da doka ta kare. Mai son rage rassa masu kauri ya fara shawartar ma'aikacin gandun daji. Wanda ya cinye uwa ba zai sake ganin ƴaƴa ba.

Ina kasuwa?

A Masar, in azumi ya zo, ana rataya fitilun ado a gidaje da tituna, yara suna yawo da su suna waƙa. A Jamus akwai wani ƙauye, Zaifan, wanda mutanensa maƙa kuza ne a da. Da kuza ta ƙare, aka rufe ofishin ma'adinai a 1849, sai suka dogara ga juya icce. Yau ƙananan kayan adonsu suna zuwa ƙasashen duniya.

Amma a faɗi gaskiya, a nan mutane ba su saba da fitilar icce ba tukuna. Kada kowa ya yi ɗari kafin ya sayar da goma. A fara gwadawa da direbobi a tasha, masu neman abin rataya makulli, da mata masu jeren ɗakin amarya, da lokacin sallah. Abin da zai fi kawo kuɗi kullum shi ne abin da ake bukata kullum: ƙotar wuƙa, mariƙin ƙofa, ƙafar kujera, ƙwayar carbi. Na'ura ɗaya ce ke yin su duka.

A nan karatu ke nuna amfaninsa. Ga misali, ba farashin kasuwa ba ne. Mutum ya yi fitila 10 cikin kwana 2. Mai da zare da takardar goga sun ci dala 60. Ya sayar da kowace dala 30, ya sami dala 300. A cire 60, saura 240. A raba biyu, dala 120 ke nan a yini. Sai ya gwada da abin da zai samu a wani aiki, ya ga wanda ya fi. Wanda ba ya rubutu, ba ya sanin ko riba yake ci ko uwar kuɗi.

Jama'a, wannan sana'a ba za ta cika rumbu ba. Amma tana iya sayen gishiri da sabulu da littafin ɗan makaranta, ba tare da an taɓa hatsi ba. Mutum biyar na cibiya ɗaya suna iya haɗa kuɗi su yi na'ura guda, su roƙi masassaƙin gari ya nuna musu halin icce da wasa ƙarfe. Reshen da aka ajiye a inuwa yau, shi za a juya kafin bazara. Allah ya sa albarka, ya ba da sa'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne suka fi yawa a gonakin garinku?

2. Yaya ake gane icce ya bushe?

3. Mutum ya sayar da ƙota 8, kowace dala 25, ya kashe dala 50. Nawa ce ribarsa?