Toshe Kunne Da Riƙon Zumunci: Jawabi A Taron Ƙungiya

 

Maganar da za mu taɓo yau ƙarama ce a ido, wato iyafis ɗin nan da yaranmu ke cusawa a kunne. Da can, idan aka kunna kaset ɗin Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos a ƙofar gida, duk unguwa ce ke morewa. In lokacin labaran BBC ya yi, rediyo ɗaya kan tara mutum goma. Yanzu kuwa kowa da waƙarsa cikin waya.

Abin ya faro ne a 1979, lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman. Na farkon yana da wurin sa abin kunne guda biyu, da maɓallin da ake dannawa a yi magana da abokin sauraro, domin su kansu masu kamfanin sun ji tsoron kada a ɗauki sauraren mutum shi kaɗai rashin ladabi. Ba a daɗe ba aka cire maɓallin. A 2001 iPod ya biyo baya, daga bisani waya ta haɗiye su duka.

To jama'a, mu nan Garam zuwa muka yi, muka tarar da 'yan'uwanmu Gbagyi suka ba mu wuri. Gaisuwa ce jarinmu. Yaro zai wuce dattijo a hanyar kasuwa, a yi masa magana bai amsa ba. Shi bai ji ba ne, amma dattijon cewa zai yi ɗan wane girman kai gare shi. Gobe sai maganar ta koma Hausawa ba su gaida mutane, alhali kuwa zaman lafiyarmu a nan da gaisuwa aka gina shi.

Ga kuma batun lafiya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙarar sauti.

Ba cewa muke yi a hana yara jin waƙa ba. Roƙonmu shi ne su cire abin in sun shigo zaure, ko sun doshi manya, ko za su tsallaka titi. Mu kuma iyaye, kafin mu yanke wa yaro hukunci, mu duba kunnensa tukuna.

Allah Ya bar zumunci. Wassalam.