Karatun Shekara, Shafi-Shafi

Da shekara ta kama, da yawanmu kan ɗauki alkawarin karanta littafi guda kowane wata, wasu ma su ce bana sai sun rubuta nasu. Kafin damina ta sauka, littafin ya yi ƙura, waya ta cinye lokacin.

A ganina ba lalaci ba ne, rashin tsari ne. Ku dubi masu sauke Alƙur'ani a watan azumi: izu 60 ne, suna ɗaukar biyu kullum, kuma a lokaci sananne. Wannan ɗaurewar lokaci ita muke rasawa. Misali, Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, amma labaransa gajeru ne. Ɗaya a kowane dare bayan isha'i ba zai gagari kowa ba.

Rubutu ya fi wuya, domin babu mai tambayarka inda ka kwana. 'Yan'uwa mata dai suna da gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, mai wa'adi duk shekara. Sauranmu kuwa sai kowa ya nemi aboki ɗaya da zai riƙa karɓar shafi biyu daga hannunsa kowace Juma'a.