Jinin tumaki cikin bazara da cikin ɗari

Hirarmu ta yau a kan tumaki take, da abin da zafi da sanyi ke yi wa jininsu.

Rago mai kilo 50 yana da jini wajen litar 3 da ɗan wani abu. Mafi yawan jinin nan ruwa ne. Jini ke kai abinci da iska ko'ina cikin jiki. Shi ke kuma ɗaukar zafi. Zafin jikin tunkiya mai lafiya digiri 39 ne, ko wane lokaci. Aikin jini ne ya tsare shi nan.

Cikin Afrilu da Mayu, zafin gari kan kai digiri 45 a Tawa ko Yamai. To, ƙaƙa rago zai yi? Sai jini ya kwaso zafi daga ciki, ya kawo shi ga fata da hanci da kunnuwa, iska ta ɗauke. Ku dubi dogayen kunnuwan uda, da na balamin Dakwaro. Ba ado kaɗai ba ne. In wannan bai isa ba, sai haki. Rago mai hutawa yana numfashi kamar sau 20 ko 30 cikin minti guda. In zafi ya matsa mishi, ya wuce sau 100. Kowane numfashi da ruwa yake fita, ruwan kuwa daga jini ne.

In rago bai sha ba, jini ya yi kauri, kamar kunun da aka manta bisa wuta. Zuciya ta yi ta wahalar tura shi. Kuma jinin da ya tafi fata, tumbi ne aka rage wa. Shi ya sa bisa ke rage ci. Ragon turka ya daina ƙiba. Tunkiya mai ciki ta haifi ɗa ƙarami.

Tumakinmu na gida sun fi na Turai jure zafi nesa ba kusa ba. Amma na kiwo ya fi na turka sa'a. Na kiwo, rana ta take, ya nemi gindin gawo, mai ganye cikin rani. Na turka fa? Igiya ta riƙe shi inda uwar gida ta ɗaure shi tun safe. Ku tuna, Layyar 2025 farkon Yuni ta faɗo, ta 2026 ƙarshen Mayu. Ke nan turka cikin tsakiyar bazara. Rumfar zana ta fi ta kwano. A ba shi ruwa safe, rana da marece, a aje ruwan cikin inuwa. Kanwa da gishiri suna da kyau, amma kada a ba shi in babu ruwa kusa. Ga gwaji mai sauƙi: ka tsunkuli fatar wuyansa, ka saki. In ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Cikin Disamba da Janairu, abin juyawa yake. Dare kan sauka wajen digiri 10, ga iskar hunturu. Hanyoyin jini na fata su tsuke, jini ya koma ciki. Bisa ta yi ta makyarkyata, tana ƙona sukarin da ke cikin jininta. Sai an ƙara harawa da dusa. Galibin tumakinmu gashi gare su gajere. Kundum na bakin kogi, wajen Tilaberi, su ke da ulu.

Wanda ɗari ya fi kashewa shi ne ɗan tunkiya sabon haihuwa. Jiƙe yake zuwa, sukarinsa kaɗan ne. A tsane shi, a tare mishi iska da zana ta wajen gabas da arewa. Ya sha dakashi tun sa'o'in farko. Ka sa yatsa cikin bakinsa. In bakin da sanyi, ɗumama shi tukuna, sannan ya sha.

Abu guda kuma. Ka ja fatar idon tunkiya ta ƙasa. In ja ce, madalla. In ta yi fari, ba zafi ba ne, ba ɗari ba ne. Jini ne ya ragu, sau da yawa saboda tsutsar ciki. Maza, sai wajen ma'aikacin kiwo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.